Me Ke Cinye Faifan Birkin Yaya?

Faifan birki ba kayan canzawa duk shekara ba ne. Zubabben ƙarfe ne mai nauyi, wanda a mota irin Toyota Camry yakan ga bayan takalman birki saiti biyu, wani lokaci har uku, kafin shi ma ya gaji. Shi ya sa takardar da dilan motoci ya ba yayata ta tsaya mata a rai. Shekara ba ta zagayo ba da saka mata sababbin fayafayan gaba a wannan wurin, sai ga shi an sake rubuta mata abu uku: fayafayan gaba biyu, takalman birki, da man birki. Kuɗin da aka rubuta a ƙasa ya kusa lashe albashinta na wata.

Motar Camry ce ƙirar 2010, daga Amurka ta shigo ta Kwatano. Yaya a Jos take zaune, aiki kuma yana yawan kai ta Abuja. Ciwon motar ba ɓoyayye ba ne. In tana cikin gari ana tafiya a hankali, lafiya lau. Da ta hau babban titi ta kai gudun 90 ko 100 ta taɓa birki, sai sitiyari ya kama karkarwa a hannunta, feda kuma ta riƙa harbin tafin ƙafarta. Wannan ciwon ne ya sa aka canza fayafayan farko, ya tafi, ga shi ya dawo.

Saurayin da ke karɓar motoci a wurin dilan mai ladabi ne, kuma bai yi jinkirin ba da dalili ba. "Hajiya, fayafayan sun lanƙwashe. Zafi ne. In kina sauka Hawan Kibo da ƙafa a kan birki, dole haka ta faru." Yaya ta tambaye shi kaurin faifan nawa ya rage. Ya ce injiniya ya duba. Ta ce ya duba da ido ne ko ya auna? Ya shiga ciki, ya fito, ya ce ai ba sai an auna ba, alamar a fili take. Ta karɓi makullinta ta yi godiya.

Maganar zafin ba shirme ba ce, don ni ma da na ji ta sai na ga ta zauna. Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, kuma duk wanda ya bi hanyar Akwanga ya san yadda gangaren Hawan Kibo ke gwada birkin mota. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 100 a awa, in aka tsayar da ita cak sau ɗaya, zafin da birki zai sha ya isa ya kai ruwa sama da lita ɗaya da rabi ga tafasa, kuma mafi yawansa fayafayan gaba ne ke ɗauka. A gangare kuwa ba tsayawa ɗaya ake yi ba, ƙarfen ba ya samun sararin hucewa. To amma dubban motoci na sauka wannan gangaren, ba dukansu ne ke canza faifai duk shekara ba. Ƙari ga haka, jure zafi shi ne dalilin da ya sa faifai ya ture birkin ganga tun asali. Da birkin faifai na Dunlop motar Jaguar ta ci tseren awa 24 na Le Mans a 1953, inda ake taka birki daga mugun gudu dare da rana, sannan Citroën ta saka shi a motarta DS a 1955.

Muka kai motar wurin wani dattijon bakanike a Jos, wanda ya koyi aiki a Kaduna zamanin da ake haɗa Fijo 504. Bai taɓa sifana ba sai da ya gama tambayoyi.

"Hajiya, in ba ki taka birki ba, tana girgiza?"

"A'a, Baba. Shiru take."

"To ba taya ba ce, ba balansin ba ne. A hannu kike ji ko a kujera?"

"A hannu, da kuma ƙafa."

"Gaba ke nan. Da aka saka sababbin, nan take ta daina?"

"Ta daina ƙaf. Wata da watanni ban ji komai ba."

"Da ta dawo fa, rana ɗaya ta dawo, ko a hankali?"

Yaya ta yi tunani. Ta ce a hankali. Da farko har tana zaton titi ne ba shi da kyau, sai abin ya riƙa ƙaruwa mako bayan mako.

Baba ya gyaɗa kai. Ya ce faifan da zafi ya lalata yana da ranarsa: mutum zai iya cewa tun ranar da na sauko gangare birki na wari, motar ba ta koma daidai ba. Wanda ke zuwa a sanɗa kuwa, wani abu ne ke cin sa kullum kaɗan-kaɗan. Ya ce wa yaronsa ya kawo jak.

Tun wurin kwance taya aka samu wanda ake zargi na farko. Notuna biyu na ƙafar hagu sun ƙi motsi sai da yaron ya zura bututu a wil sifana ya hau da ƙafa, sauran ukun kuwa da hannu ɗaya suka sake. Aikin masu faci ke nan: wani ya ɗaure da bindigar iska, wani ya taka da dukan nauyinsa, kowa da ƙarfinsa. Toyota ta ƙayyade ɗaurin notin wannan motar a kan nitan-mita 103, kuma a bi su a tsallake, ba a jere ba. Ɗaurin da bai daidaita ba yana iya jan faifai ya karkace. Na ce to ai an kama ɓarawo. Baba ya ce a riƙe shi dai, ba a yanke masa hukunci ba tukuna, don ƙafar dama ma haka aka ɗaure ta.

Da taya ta fita ya haska fuskar faifan da tocila. Abubuwan da yake nema ya faɗa mana su ɗaya bayan ɗaya yana shafawa da yatsa. Faifan da ya sha wuta fiye da kima yakan canza launi ya yi shuɗi-shuɗi, wani lokaci da ƙananan tsage-tsage. Akwai kuma abin da ke faruwa in mutum ya sauko gangare birki ya yi zafi, ya iske shingen jami'an tsaro ya danne feda ya tsaya: takalmin yakan manna hotonsa a fuskar faifan, ya bar wani tabo mai siffarsa wanda ke sa girgiza daga baya. Babu ko ɗaya. Fuskar fes take, launin toka, ba zane mai zurfi, ba tsagewa. Hawan Kibo ya fita daga zargi tun a nan, shi da mai wankin mota da wasu ke cewa yana watsa wa faifai mai zafi ruwan sanyi.

Ya kwance kalifa, wato ƙarfen da ke rungume da faifai yana matse takalma biyu a jikinsa. Kalifar wannan motar a kan fil biyu take zamewa, in ɗaya ya bushe ya kafe, takalmi ɗaya zai riƙa goga ko ba a taka birki ba, ya cinye kafin ɗan'uwansa. Ya ja fil ɗin, suka fito sumul da giris ɗinsu. Ya jera takalman huɗu a kan benci: kaurinsu kusan ɗaya, kowanne da sauran nama fiye da rabi. Yaya ta ce, "Waɗannan ne aka ce in canza?" Baba ya ce in za a saka sabon faifai, daidai ne a haɗa da sabon takalmi, ba laifi a wannan. Laifin yana wurin ko faifan ma na bukatar canji.

Daga nan ya juya faifan ya kankare datti a gefensa da burushin waya, ya nuna mana wani rubutu da aka buga a jikin ƙarfen: MIN TH 25 mm. Kusan kowane faifai na ɗauke da irin wannan rubutun, shi ne iyakar sirancin da kamfani ya yarda a yi amfani da shi. Na wannan motar sabo milimita 28 ne, ke nan milimita 3 aka ba shi ya ci a rayuwarsa. Ya ɗauko maikiromita daga akwatinta, abin awo mai baki biyu da ake murzawa har ya kama ƙarfe. Ya ce ba a auna faifai da abin awo mai faffaɗan baki, don can bakin faifan akwai wani leɓe da takalmi ba ya taɓawa, in abin awo ya hau kansa zai ba ka kaurin ƙarya. Wannan leɓen ne kuma wasu ke sa wa mai mota yatsa a kai su ce, ka ji yadda ya cinye? Alhali leɓe kaɗai ba ya nuna an kai iyaka.

Awo ya ba da 27.4. Tsakaninsa da iyaka akwai milimita biyu da ɗoriya. Yaya ta fara murmushin wadda ta yi nasara, ni ma na fara haɗa kalmomin da za a je a faɗa wa dila. Baba bai ɗaga kai ba. Ya ɗauki alli ya raba faifan gida takwas, ya riƙa aunawa gida-gida yana faɗa wa yaron ya rubuta a bayan kwali. Na dama duk gidajen kusan lamba ɗaya suka bayar. Na hagu kuwa, mafi kauri 27.41, mafi siranta 27.37.

"Hajiya, kada ki yi saurin fushi da su. Wannan faifan ba shi da lafiya."

Bambancin kashi 4 cikin 100 na milimita ne, bai kai rabin kaurin takardar rubutu ba, ido ba ya ganinsa, yatsa ba ya jin sa. Amma masu ƙera birki galibi ba sa yarda ya wuce kashi 1 ko 2. Dalili kuwa shi ne, in takalma biyu suka matse faifai, duk sanda wuri mai kauri ya zo wucewa sai ya buɗa su, ya tura fistin baya, fistin ya tura mai, mai ya harbi feda. Tayar wannan motar tana juyawa kusan sau 13 a daƙiƙa ɗaya in ana gudun 100. Wannan bugun sau 13 shi ne Yaya ke ji a hannunta. A cikin gari juyin ya yi kaɗan, shi ya sa ba ta lura.

Ke nan dilan bai yi ƙarya ba da ya ce matsalar a faifai take. Inda maganarsa ta gaza shi ne faifan bai lanƙwashe don zafi ba, cinyewa ya yi ba daidai ba. Kuma tambayar da ta fi kowace tsada tana nan ba a amsa ba: me ya sa na hagu kawai, kuma me ya sa karo na biyu?

Baba ya mayar da faifan kan hob, wato cibiyar da kusoshin taya biyar ke fitowa daga jikinta, ya ɗaure shi da notuna ba tare da taya ba. Ya fara kama shi da hannu biyu ya jijjiga don ya ji ko boris na da wasa. Babu. Sai ya fito da agogon awo, wani abu mai fuskar agogo da allura ɗaya da ɗan tsinke a ƙasa. Ya kafa shi a jikin shokazoba, ya ɗora tsinken a fuskar faifan kamar santimita ɗaya daga baki, ya ce wa yaron ya juya a hankali. Allurar ta tashi, ta tashi, ta tsaya, ta dawo. Tazarar da ta yi 0.11 ce. Toyota ba ta yarda faifan wannan motar ya yi layin da ya wuce 0.05 ba. A ƙafar dama allurar da ƙyar ta kai 0.03, duk da ita ma an yi mata mugun ɗauri. Kuma yanzu da hannunsa ya ɗaure notunan hagu daidai wa daida, amma layin bai tafi ba. Mai faci ya kuɓuta, ko da yake ba don halinsa ba.

Na ce, "Baba, ai wannan shi ne lanƙwasar da suka faɗa."

Ya ce, "Allura ta ce yana layi. Ba ta ce shi ne mai laifi ba. Bari mu tambaye shi."

Abin da ya yi bayan wannan shi ne ya fi burge ni a duk ranar, don ba ya bukatar komai sai alli da haƙuri. Ya juya faifan har allura ta kai ƙololuwa, ya yi alama a bakin faifan a daidai wurin, ya kuma shafa alli a kan kusar da ke fuskantar wurin. Sai ya kwance notuna, ya zare faifan, ya tsallake kusa biyu ya mayar da shi, ya sake ɗaurewa. Yanzu alamar faifai tana wani gefe, kusar mai alli tana wani gefe. Ya ce in tudun ya bi alamar da ke jikin faifai, to faifan ne karkatacce, a jefar da shi. In kuwa ya tsaya wurin kusa, to faifan zama kawai ya yi a kan abin da ba daidai ba.

Yaron ya juya. Alamar faifai ta zo ta wuce ƙarƙashin tsinke, allura ba ta damu da ita ba. Da kusar mai alli ta iso, allura ta miƙe.

Ya zare faifan gaba ɗaya ya ajiye, ya haska fuskar hob. Tsatsa ce ta yi ɓawo a kanta, ja-ja baƙi-baƙi, ta fi tudu a tsakanin kusar mai alli da maƙwabciyarta. Ya sa bakin sukudireba ya ɓanɓaro wani ɓawo ya ɗora a tafin hannun Yaya, bai fi ƙwayar gero faɗi ba. A bayan faifan ma ga sawunta nan, inda sabon ƙarfe ya zauna a kan tsohuwar tsatsa. Motocin da suka yi zama a jihohin Amurka masu dusar ƙanƙara haka ƙasansu yake, saboda gishirin da ake watsawa a titi lokacin hunturu. Mai saye a Kwatano fenti da kujeru yake kallo, ba mai kwance taya ya leƙa bayan faifai.

Sauran lissafin ba wuya. Fuskar hob ƙarama ce, faifan kuwa faɗinsa ya kusa santimita 30, don haka ɗan tudun da ke tsakiya yakan ninka kafin ya kai baki. Ranar da aka saka sabon faifai a kan wannan tsatsar, yana layi tun daga ƙofar gareji, amma direba ba zai ji ba, domin kaurinsa ɗaya ne ko'ina, kalifa kuma tana bin sa hagu da dama a kan fil ɗinta. Sai dai duk juyi ɗaya, wurin da ya fi tudu yana shafar takalmi ya wuce, ko da ƙafa ba ta kan birki. Taya tana juyawa kusan sau 480 a kowace kilomita. A kilomita 5,000 an shafi wuri guda sama da sau miliyan biyu. Haka wurin ke sirancewa, wani nau'in takalmin kuma maimakon ya ci ƙarfen sai ya riƙa shafa masa nasa jikin har wurin ya yi kauri. Kowanne ne, ƙarshensa girgiza, kuma sai bayan watanni take bayyana, lokacin da ba wanda zai tuna da ranar da aka ɗaura faifan.

Saura abu ɗaya da ya dame ni. Gishirin Amurka ai bai zaɓi ƙafar hagu ba. Baba ya zare faifan dama, sai ga hob fes, kusoshinsa ma har da sauran ƙyalli. Ya dubi Yaya. Ta yi shiru kaɗan, sannan ta ce ai kuwa an taɓa canza mata boris na wannan ƙafar, bayan ta faɗa wani rami da daddare, kuma ta tuna bakaniken ya ce hob ɗin ma ya ji ciwo, ya sa ta sayi sabo. Ramin da ta daɗe tana tsine wa shi ne ya ceci faifan dama.

Da an bi takardar dila, za a sayi sabon faifai a ɗora a kan wannan tsatsar, girgiza ta ɗauke, kowa ya ce gyara ya yi kyau, kafin shekara ta dawo a sake ɗora wa Hawan Kibo laifi. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Abin haushin shi ne ba wani sirri Baba ya tono ba. Littafin gyaran motar ya ce a auna layin faifai, in ya wuce iyaka a sauya masa zama a kan kusoshi, a duba boris da hob, kuma ba a maganar sabo sai kauri ya gaza.

Ban ɗauki mutanen dilan a matsayin macuta ba, ko da yake Yaya ta fi ni zafi a kan wannan. Wurin da motoci ke layi, canza faifai aikin ɗan lokaci ne, abin da Baba ya yi kuwa ya ci rabin yini. Sabon faifai yana zuwa da garanti da riba, gogewa da samfefa ba ta da layi a takardar kuɗi. Kuma akwai lokutan da maganarsu gaskiya ce ba ja: faifan da ya kai lambar da ke jikinsa, ko ya tsage, ko takalmi ya ƙare ƙarfe ya yi masa kwari mai zurfi, ba shi da magani sai sabo. Yawancin motocin Jamus ma kusan milimita 2 kawai ake ba faifansu ya ci, don haka mai Marsandi ko BMW kada ya ɗauki labarin Camry ya je yana musu. Abin da ba zan yafe ba shi ne a ce wa mutum ya biya kuɗin faifai ba a rubuta masa lamba ko ɗaya ba. Kauri nawa, iyaka nawa, layi nawa: wanda ya auna ba zai ji nauyin faɗa ba.

Gyaran bai ɗauki dogon bayani ba. Yaron ya goge fuskar hob da burushin waya da samfefa har ƙarfe ya fito fari, aka ɗora agogon awo a kan hob ɗin kansa aka ga lafiyarsa lau. Aka kai fayafayan biyu wurin mai injin sassaƙa ƙarfe ya share fuskokinsu kaɗan, don ba a gyara ƙafa ɗaya a bar ɗaya, suka dawo da kauri kusan 27. Na hagu da aka ɗaura, allura ta tsaya a 0.03. Baba ya goge fuskar takalman, ya ɗaure notuna da sifana mai awo, sannan ya fita da motar ya yi ta rage gudu daga 60 zuwa tafiyar ƙafa ba tare da ya tsaya cak ba, don takalmi da faifai su saba da juna. Ya gargaɗi Yaya cewa duk mai facin da ya ɗauko bututu ta ce masa ya ajiye.

Kafin mu tafi ya buɗe bonet ya zuƙo man birki a sirinji ya ɗaga shi a rana. Baƙi ne kamar an jiƙa shayi an manta. Ya tambayi yaushe aka canza, Yaya ta ce tun da ta sayi motar ƙari kawai ake yi. Man birki yana shan danshin iska. Nau'in DOT 3 sabo ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma wanda ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 140, kuma in ya tafasa a tsakiyar gangare, feda ƙasa take tafiya ba ta kama komai. Ya ce wa Yaya in dai Hawan Kibo take tsoro, wannan ne abin tsoron, kuma ta riƙa sauka da ƙaramar giya. A cikin abu ukun da dila ya rubuta, shi ne mafi araha, kuma shi kaɗai aka saya a ranar.